Idan tsohuwar Land Cruiser ta ƙi tashi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Dirku ya san motar da direbobin hamada suka yarda da ita: Land Cruiser ƙirar 70, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1984, musamman mai injin 1HZ. Injin dizal ne mai silinda 6, lita 4.2, ya fito a 1990, kuma famfon mansa ba kwamfuta ke sarrafa shi ba. Shi ya sa mai motar zai iya gano yawancin ciwonta a ƙofar gida, da sifana da kunne da haƙuri.

Injin dizal ba shi da fulogi mai tartsatsi. Fistin ke matse iska har ta ɗau zafi, nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Don haka in mota ta ƙi tashi, cikin uku ɗaya ne ya gaza: mai, ko zafi, ko iska.

Murɗa makulli ka saurara. In sitata na juyawa da ƙyar, duba kan batir, ka kankare farin garin da ya taru, ka ɗaure sosai. In tana juyawa da ƙarfi amma injin bai kama ba, sa wani ya tsaya wajen salansa. Farin hayaƙi na nufin mai yana zuwa, zafi ne bai isa ba. Da sanyin asuba a hunturu, hita mai ɗumama injin kafin ya tashi ake fara zargi. In babu hayaƙi ko kaɗan, man ne bai iso ba.

A nan mutane ke asarar kuɗi, abin kuma yana damuna. Nan take sai a ce famfon mai ya mutu, a kwance shi a kai gari, alhali sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Akwai ƙaramar waya a jikin famfon mai buɗe wa mai hanya. In ka kunna makulli ya kamata ka ji ƙas, in ba ka ji ba, bi wayar. Sai filtar mai. Ruwa ya fi dizal nauyi, saboda haka wanda ya biyo man jarka yakan kwanta a ƙasanta. Sassauta magudanar da ke gindinta, ka riƙa danna famfon hannu da ke samanta har mai tsantsa ya fito, ka ɗaure, ka ci gaba da dannawa har ya yi tauri. In ka wayi gari ya sake yin laushi, iska ce ke shiga ta tsagaggen tiyo ko robar filta. Ɗaura guntun tiyo mai garai-garai na ɗan lokaci, za ka ga kumfa na wucewa da idonka.

Filtar iska kuwa, ƙurar hunturu ke toshe ta, mota ta yi nauyi tana baƙin hayaƙi. Kakkaɓe ta a hankali. Wadda ta yage a jefar, don yashin da ya shige ta silinda zai ci.

Abu ɗaya ne ba ya nuna alama kafin ya yi ɓarna: bel ɗin taimin. In ya tsinke injin na aiki, fistin zai daki bawul. Akwai fitilar T-BELT a gaban direba mai tunatarwa, amma tsohuwar mota ta bi hannaye da yawa, wataƙila an kashe fitilar ba a canza bel ba. Wanda ya sayi irin wannan mota bai san tarihinta ba, ya sa sabon bel kafin ya ɗora mata kaya.