Wuƙar Daji Mai Sauƙin Kuɗi: Abin Da Ya Kamata A Duba Kafin A Biya A Dutse Da Kewaye

Duk wanda ya taɓa neman kayan yawon daji a wayarsa ya san abin da ke biyo baya. Kwana biyu ba za a yi ba sai tallan wuƙaƙe ya cika masa Facebook da TikTok: masu baƙin fenti, masu haƙora kamar zarto a bayansu, masu kamfas a gindin mariƙi. A bidiyo ana sare ƙusa da su kamar rake. Idan kaya ya iso, sau da yawa labari yakan sha bamban. Mako guda kaifin ya mutu, ko mariƙin ya fara girgiɗi.

A yankin Dutse wuƙa kayan aiki ce ta yau da kullum. Mai lambu a fadamun Jahun da Miga yana yanka igiya da tiyon ban ruwa da ita. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da ke hawan duwatsun gari a ƙarshen mako suna buƙatarta wajen yanka kankana da gashin nama. Haka mai zuwa kallon zanen duwatsun Birnin Kudu, da mai kamun kifi, da saurayin da fiɗar ragon layya ke faɗowa kansa duk shekara. Dukkansu abu ɗaya suke nema: wuƙa guda da za ta yi yawancin ayyukan nan ba tare da ta cinye kuɗin wata ba.

Me ya sa marar naɗewa?

Wuƙa mai naɗewa ta fi daɗin sakawa a aljihu, amma rauninta yana wurin mahaɗa. Akwai ƙusar da ruwan wuƙar ke juyawa a kai, akwai kuma makullin da ke riƙe shi idan an buɗe. A masu arha, waɗannan biyun ne ke fara lalacewa, kuma makullin da ya saki ana tsakiyar aiki kan yatsu yake rufewa. Ga ƙurar hunturu da yashi da ke shiga mahaɗar, ga jini da kitse da ke maƙalewa a ciki bayan fiɗa.

Marar naɗewa ba ta da wani sashe mai motsi. Ƙarfe ne da mariƙi da kube. Wanke ta ba wuya, kuma kuɗin da aka biya ya tafi kan ƙarfen ne maimakon makulli. A farashi ɗaya, kusan kullum ta fi mai naɗewa ƙwari.

Tsawo da kauri

Kuskuren farko da matasa ke yi shi ne sayen babba. Ruwan wuƙa mai tsawon santimita 9 zuwa 12 ya isa yanka nama, fere sanda, gyaran kifi da yanka igiya. Da ya wuce santimita 15, ƙananan ayyuka sun fara wuya, nauyi ya ƙaru, kuma idon jami'an tsaro ya fi sauka a kanta. Saran itace aikin adda da gatari ne, kuma adda ba ta da tsada a kowace kasuwar ƙauye.

Kauri kuma tsakanin milimita 2 zuwa 3.5 ya wadatar. Wuƙa mai kaurin milimita 5 ko 6 tana da kwarjini a hoto, amma idan aka sa ta a albasa ko dankali sai ta tsaga su maimakon ta yanka. Siririn ƙarfe ne ke ratsa abu cikin sauƙi.

Karanta lambobin ƙarfe kamar na waya

Wanda ya iya bambance RAM da ma'ajiyar waya zai iya karanta lambobin da ake bugawa a jikin wuƙa. Ƙarfen wuƙa iri biyu ne a dunƙule.

Na farko baƙin ƙarfe mai sinadarin kabon. Misalinsa 1095, wanda ke da kabon kusan kashi 0.95 cikin ɗari. Yana ɗaukar kaifi da sauri a kan dutse, yana kuma jure aiki, amma yana tsatsa idan aka bar shi da laima ko ruwan lemo da tumatir.

Na biyu ƙarfe marar tsatsa, wanda ke da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. A nan ne ake yawan ruɗar mai saye, domin kalmar Stainless kaɗai ba ta faɗi ingancin komai ba. Cokali ma haka aka rubuta masa. Lambar da ke biye ita ce magana. 3Cr13 da 420J2 kabon ɗinsu kusan kashi 0.3 ne, suna da laushi, kaifinsu ba ya daɗewa, kuma su suka fi yawa a wuƙaƙe masu arha. 8Cr13MoV yana da kabon kusan kashi 0.8, ya fi su riƙe kaifi nesa ba kusa ba. 440C da 12C27 da 14C28N duk ƙarafa ne masu kyau ga mai ƙaramin ƙarfi.

Akwai kuma lambar tauri da ake rubutawa HRC. Ga wuƙar aiki, 56 zuwa 60 ne daidai. Ƙasa da haka bakin yana lanƙwashewa, sama da haka sosai yana iya ɓantarewa idan ya haɗu da ƙashi.

Sai dai lamba a jikin kaya ba rantsuwa ba ce. Kamar yadda ake rubuta 50,000mAh a jikin fawa bankin da ba ya cika waya sau biyu, haka ake buga 440C a kan ƙarfen da bai kai ba. Wuƙar da ba ta da sunan kamfani, ba ta da ƙasar da aka ƙera ta, amma tana ɗauke da manyan lambobi, abin a yi taka-tsantsan da ita ne. Haka zanen igiyar ruwa da ake kira Damascus: a masu arha galibi zane ne kawai aka yi a saman ƙarfe, yana gogewa da amfani.

Wanne ya dace da yanayin Jigawa? Daga Nuwamba zuwa Afrilu iska a bushe take, baƙin ƙarfe ba ya ba da wahala. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa, dare ɗaya a cikin jiƙaƙƙen kube ya isa ya sa masa ja. Mai aikin fadama da kamun kifi, ko wanda ya san ba zai riƙa gogewa da shafa mai ba, marar tsatsa ta fi masa.

Abin da ke ɓoye cikin mariƙi

Wurin da wuƙa ta fi karyewa shi ne inda ruwa ya haɗu da mariƙi. Wasu an bar ƙarfen ya ratsa har ƙarshen mariƙi da faɗinsa, ana ganinsa ta gefe tsakanin katako biyu da aka ɗaure da ƙusoshi. Masu talla a intanet suna kiran wannan full tang, kuma shi ya fi ƙarfi. Wasu kuma siririyar jela ce ta shiga cikin mariƙin. Wannan ba aibi ba ne idan jelar doguwa ce. Matsalar tana wurin masu ramin ajiye ashana a cikin mariƙi: tunda cikin fanko ne, ƙarfen ɗan guntu ne aka ɗaure da noti, kuma bugu kaɗan ke raba su.

Mariƙin katako yana da halinsa a nan. Yana tsukewa da hunturu, ya kumbura da damina, shi ya sa yake saki bayan shekara ɗaya ko biyu idan itacen bai bushe sosai ba kafin a sa shi. Ƙirya da marke suna cikin itatuwan da suka fi jurewa. Mariƙin roba mai kaushi ba ya santsi ko da hannu da kitse. Kowanne ne, a tabbata akwai ɗan tudu ko lanƙwasa da zai tare yatsa kada ya zame kan kaifi.

Ta maƙeri ko ta kamfani?

Zaɓi mafi arha yana kusa da gida. Maƙera a kasuwanni irin su Shuwarin da Sara da Gujungu, da na Kasuwar Kurmi a Kano, sun daɗe suna ƙera wuƙa daga tsohon sifirin na mota. Wannan ƙarfe ne na gaske: sifirin galibi yana da kabon wajen kashi 0.6, kuma an yi shi ne don ya lanƙwashe ya dawo, saboda haka ba ya saurin karyewa. Maƙera a ƙasashe da dama da shi suke aiki, har da masu ƙera wuƙar kukri a Nepal.

Amfanin zuwa maƙera shi ne ana iya faɗin tsawo da kauri da irin mariƙin da ake so, a kuma dawo gyara idan wani abu ya saki. Rauninsa shi ne inganci ya dogara da hannun mai ƙira. Bayan an ƙera, sai an gasa ƙarfen ya yi ja a tsoma shi a mai ko ruwa don ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya zama kamar gilashi. Maƙerin da ya tsallake matakin farko zai ba da wuƙa mai laushi, wanda ya tsallake na biyu zai ba da mai karyewa. Tsohon sifirin kuma yana iya zuwa da tsagar da ido ba ya gani. Saboda haka a tambayi mahauta da masu tsire na unguwa wurin wa suke saye; su ne ke gwada wuƙa kullum.

A ɓangaren kamfani, wadda masu yawon daji a duniya suka fi ambata a sahun masu arha ita ce Morakniv Companion, da ake ƙerawa a garin Mora na ƙasar Suwidin. Ruwanta milimita 104 ne, tana zuwa da baƙin ƙarfe ko marar tsatsa, da mariƙin roba da kuben roba mai tauri. Ƙarfenta bai ratsa har ƙarshen mariƙi ba, amma ta yi suna wajen jure aiki. A Turai da Amurka tana cikin mafi arha. Kafin ta iso Dutse, canjin dala da kuɗin dako sun ɗaga ta. Kayan Tramontina na ƙasar Brazil ma sanannu ne, musamman adduna da wuƙaƙen mahauta. Duk sunan da ya yi fice ana kwaikwayonsa, don haka farashin da ya faɗi ƙasa fiye da hankali alama ce.

Gwaji biyar da waya a hannu

Kunna fitilar waya a haska bakin wuƙar kai tsaye. Baki mai kaifi ba ya mayar da haske; duk inda aka ga ƙyalli, wurin ya dakushe ko ya lanƙwashe.

Buɗe kyamara a zuƙo hoton kusa da mahaɗar ruwa da mariƙi, a nemi tsaga ko giɓin da jini da datti za su shiga.

Riƙe takarda a tsaye a ja wuƙar daga gindi zuwa tsini. Ta yanka sumul, ba tare da yagewa ba.

Idan mai kaya ya yarda, a goga magagari a hankali kusa da baki. A ƙarfe mai tauri zamewa yake yi. Idan ya ci ƙarfen cikin sauƙi, wuƙar ba ta sha wuta yadda ya kamata ba.

Ga mai saye ta intanet, a sa hoton tallan a Google Lens. Idan hoto ɗaya ya fito da sunaye goma da farashi goma, kaya ne na gama-gari da kowa ke liƙa wa suna. A nemi sharhin da masu saye suka ɗora hotonsu na gaske, a kuma zaɓi biya bayan karɓa inda akwai.

Gwajin maganaɗisu da wasu ke yi ba ya bambance baƙin ƙarfe da marar tsatsa, domin ƙarfen wuƙa na kirki iri biyun duk suna kama shi. Wanda bai kama ba sam shi ne abin gudu, don irin ƙarfen tukunya ne da ba ya taurara.

Kube da kulawa

Wuƙa marar naɗewa ba ta da aminci sai da kube. A juya kuben ƙasa a girgiza. Idan ta faɗo, bai yi ba. Dukawa suna ɗinka kuben fata mai kyau daidai da wuƙa, amma a sa su ƙara tsiri na fata a gefen kaifi don kada ya yanke zaren. Fata tana riƙe laima, kuma jimar bagaruwa tana baƙanta baƙin ƙarfe, saboda haka idan za a daɗe ba a yi amfani da ita ba, a ajiye ta a wajen kube. Kuben roba kuma kada a bar shi a gaban mota a zafin Afrilu da ke haura digiri 40.

Bayan aiki a wanke, a goge ta bushe, a shafa ɗan man kaɗe idan ana yanka abinci da ita. Wajen wasawa, dutse da ruwa sun isa: a kwantar da ruwan wuƙar a ɗaga bayansa kusan digiri 20, a ja kowane gefe daidai da ɗan'uwansa. Gindin kofin tangaran da bayan bel na fata suna gyara baki idan babu dutse. Injin wasa mai gudu yana ƙona baki. Da zarar ƙarfe ya yi shuɗi, taurin wurin ya tafi.

Inda ba a zuwa da ita

Wannan ɓangaren ya fi duk lambobin ƙarfe muhimmanci. Saboda matsalar daba da ƙwacen waya, musamman a Kano mai maƙwabtaka, jami'an tsaro ba sa wasa da matashin da aka samu da wuƙa a ƙugu. Dokar ƙasa ta hana zuwa taro ko jerin gwano da makami, kuma 'yan sanda sukan maimaita gargaɗin gab da hawan Sallah da lokacin zaɓe. Makarantu da sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Fanisau suna da nasu ƙa'idojin bincike a ƙofa, a jirgin sama kuma ba ta shiga jakar hannu.

Hanyar kauce wa fitina a bayyane take. Wuƙa ta zauna cikin kubenta, a ƙasan jaka, tare da sauran kayan aikin da ke nuna inda aka dosa, a fito da ita a gona ko a daji, a mayar da ita kafin a shigo gari. Siffarta ma tana magana: wuƙar aiki mai kaifi gefe ɗaya da mariƙi mai launi ta fi sauƙin bayani a shingen bincike fiye da baƙa mai kaifi biyu irin ta fim. Wanda kuma ya yanke da ƙarfe mai datti a gona, ya wanke ciwon da ruwa mai tsafta da sabulu, ya je asibiti a duba ko yana buƙatar allurar tetanus.

A taƙaice, mai ƙaramin ƙarfi da zai iya kula da ƙarfe ya nemi maƙerin da mahauta suka yaba, ya ba da awon santimita 10 zuwa 11, ya kai wa baduku ya yi mata kube. Mai aiki cikin ruwa, ko mai son wadda ba ta neman kulawa, ya tara kuɗi ya sayi marar tsatsa mai sunan kamfani da lambar ƙarfe a jiki. Ragowar kuɗin da zai tafi kan haƙoran zarto da kamfas, dutsen wasa ya fi cancanta da su.