Yadda Kwamfuta Ke Karɓar Saƙo Ba Tare da Ta Shaƙe Ba

Saƙon da ke bin intanet ba ya tafiya a dunƙule. Rarraba shi ake yi ƙunshi-ƙunshi. A tsarin farko, duk ƙunshin da ya iso sai ya katse wa kwamfuta aikinta, tamkar akawun da ke miƙewa duk sa'ad da aka ƙwanƙwasa ƙofa. Idan baƙi suka yi yawa, sai yini ya ƙare bai rubuta ko harafi ba.

A shekarar 1996 Jeffrey Mogul da K. K. Ramakrishnan suka bayyana wannan matsala, suka kuma kawo magani: da zarar ƙunshi na farko ya iso, sai a dakatar da katsewar, a riƙa kwasar saƙonni jimla-jimla, har su ƙare. Linux ya ɗauki wannan dabara da sunan NAPI a farkon shekarun 2000.

Abin lura shi ne, hanya mai gudun gigabit 10 tana iya kawo ƙunshi kusan miliyan 15 cikin daƙiƙa guda. Lamarin kuwa ya shafi ɗalibi da ma'aikaci a Rano da Kibiya, domin Android ɗin da ke wayoyinsu a kan Linux aka gina shi.