Wasan besbol: Yadda ake gane ƙwallon ciki da ta waje

A daren 21 ga Oktoban 1975, a filin Fenway na birnin Boston da ke Amurka, Carlton Fisk ya maka wa ƙwallo gora ta tashi sama ta nufi hagu. Maimakon ya ruga, sai ya riƙa tsalle yana kaɗa hannuwa kamar mai kora ta cikin fili. Ta bugi dogon ƙarfen iyaka, Boston ta doke Cincinnati da ci 7 da 6.

Me ya sa aka ƙirga ta? Daga inda mai bugu yake tsayawa layi biyu suka fita, ɗaya ta tasha ta farko, ɗaya ta tasha ta uku, kowanne ya ƙare a jikin ƙarfe. Tsakaninsu ne ciki, kuma layin da ƙarfen duk ciki ne.

Rikicin yana kusa da mai bugu. Ƙwallon da ba ta kai tashoshin nan ba, masu nisan mita 27, ba a yanke mata hukunci sai ta tsaya ko an taɓa ta. Shi ya sa za ka ga ƴan wasa sun sunkuya suna rakiyar ƙwallo tana gangarawa, suna jira ta fice. Wadda ta wuce tashar a sama kuwa, inda ta fara dira ake dubawa. Alƙali ƙwallon yake kallo, ba ƙafar mai kamawa ba.

Tun 2008 ake duba bidiyo idan gardama ta tashi a bakin ƙarfen.