Ɗaura Kyamarar Bidiyo a Kan Babur a Ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo

A gabashin Jihar Sakkwato, inda Gulbin Rima ya ratsa Goronyo da Wurno kafin ya haɗu da Gulbin Sakkwato wanda ya biyo ta Rabah, babur ne abin hawan da yake kaiwa inda mota ba ta iya zuwa, musamman cikin fadamun shinkafa da albasa da tafarnuwa. Saboda haka duk mai son ɗaukar hoton bidiyon waɗannan hanyoyi, ko malamin gona ne, ko ɗan jarida, ko ɗan kabu-kabun da yake neman shaida idan hatsari ya auku, dole tunaninsa ya kai ga ɗaura kyamara a jikin babur.

Kyamarar da aka ƙera don wannan aiki ƙarama ce ƙwarai, tana da gilashi mai faɗin gani, wato wanda yake kwaso hanya da gefunanta a lokaci guda, kuma kamfanin GoPro na Amurka, wanda Nick Woodman ya kafa a 2002, shi ya yayata ta a duniya. Sai dai a wannan yanki wayar hannu ce ta fi kusa da aljihun jama'a, kuma a nan ne matsalar girgiza take fitowa fili. Yawancin baburan da ake hawa, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, injinsu mai fistin ɗaya ne, kuma bugunsa yana bin ƙarfen babur har ya kai ga duk abin da aka ɗaure a jikinsa. Kyamarar zamani ba ta ɗaukar hoto gaba ɗaya, tana karanta shi ne layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, don haka idan ta motsa kafin ta gama karatun sai a ga turakun lantarki da katangu suna lanƙwashewa kamar inuwar da take rawa a cikin ruwa. Ɓarnar ba ta tsaya ga hoto ba, domin a watan Satumba na 2021 kamfanin Apple ya gargaɗi masu iPhone cewa girgizar injin babur tana iya lalata ƙananan sassan da suke daidaita gilashin kyamara, waɗanda ba a kafe suke ba, suna motsi ne a kan maganaɗisu.

Wannan ne ya sa zaɓen wurin ɗauri ya fi zaɓen kyamarar muhimmanci. Kan babur, inda matuƙi yake riƙewa, ya fi ko'ina sauƙin ɗauri, amma ya fi ko'ina girgiza, kuma hoton yana kaɗawa hagu da dama duk lokacin da aka kauce wa rami. Idan ba makawa, sai a naɗa yankin tsohon tiyub tsakanin ƙarfe da maƙalin kyamarar, a ɗaure noti tamau, a kuma gajarta maƙalin, tunda dogo yana ninka rawar. Hular kwano ta fi ba da hoto natsattse, saboda gwiwoyi da ƙugu da wuyan matuƙi suna shanye yawancin gargadar hanya kafin ta kai ga kyamara, ko da yake duk waiwayen da ya yi sai ya fito a bidiyon, ga shi kuma hular ba ta zama ruwan dare a ƙauyukan yankin ba. Ɗauri a ƙirji da majanyi shi ne matsakaici, kuma ga mai bin hanyar burji shi ya fi dacewa. Ko wanne aka zaɓa, ana ƙara siririyar igiya da za ta riƙe kyamarar idan maƙalin ya karye.

Zafin bazara, wanda yake haura digiri 40 a watan Afrilu, yana sa waya ta kashe kanta cikin ɗauka, ƙurar hunturu kuwa tana kwanciya a kan gilashi, kuma goge ta da bakin riga kartar gilashin yake yi. Hure ta ake fara yi.

Amfanin irin wannan bidiyo a bayyane yake. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984 kuma take iya riƙe ruwa mita kubik miliyan 942, ita take shayar da noman rani a kwarin Rima, kuma ambaliyar 2010 ta nuna yadda hanyoyi da gadoji suke salwanta cikin kwana kaɗan. Bidiyon da aka ɗauka a hanya ɗaya kafin damina da bayanta, wanda yake ɗauke da kwanan wata da alamar GPS, wato tsarin tauraron ɗan'adam mai nuna ainihin wuri, hujja ce da ta fi dogon ƙorafi nauyi a gaban hukuma. Akwai ma dandalin Mapillary, wanda aka kafa a Suwidin a 2013, da yake tattara irin waɗannan hotuna don gyara taswira.

Amma abin da ya bambanta wannan yanki da sauran wurare shi ne tsaro. 'Yan bindiga ma a kan babura suke kai hari, kamar wanda aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, kuma a watan Satumban shekarar gwamnatin jihar ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23. A irin wannan yanayi, baƙon da aka gani da kyamara a goshin hula yana iya shan zargin leƙen asiri daga kowane ɓangare, kuma bidiyon da ya nuna mashigar ƙauye ko wurin da 'yan sa-kai suke gadi yana iya zama jagora ga maharan idan ya yaɗu a Facebook. Shi ya sa ya wajaba a sanar da hakimi ko mai gari tun kafin a tayar da babur, a kashe kyamara idan an doshi shingen jami'an tsaro, a kuma kawar da ita daga ƙofofin gidaje da mata masu ɗibar ruwa. Ta fuskar doka kuwa, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sanya hoton da ake iya gane mutum da shi cikin bayanan da ba a sarrafa su sai da dalilin da doka ta amince da shi, wanda yardar mai hoton tana daga ciki.