Yadda Ake Ɗaura Tagar Ƙaramin Jirgin Sama

Yawancinmu muna tsammani tagogin ƙananan jiragen sama, irin su Cessna 172, na gilashi ne. Ba haka ba ne. Wata irin roba ce mai tauri, garau kamar ruwa, wadda ake kira akirilik. A ƙasar Jamus aka fito da ita a 1933 da sunan Plexiglas. Nauyinta bai kai rabin na gilashi ba, ba ta kuwa tarwatsewa kamarsa.

Amma tana da wani hali da dole makaniki ya yi hankali da shi. A ajin kimiyya mun koya cewa zafi yakan sa abu ya miƙe, sanyi kuma ya sa ya tsuke. To, motsin akirilik ya ninka na alminiyam, wato ƙarfen jikin jirgin, wajen sau uku. Mu ɗauki taga mai faɗin mita 1. Jirgi ya yini cikin rana a fili, sa'an nan ya hau sama inda ake sanyi. In zafi ya ragu da digiri 40, tagar za ta tsuke da kusan milimita 3, alminiyam ɗin da ya riƙe ta kuwa ko milimita 1 bai cika ba. In an ɗaure ta tam, ina za ta motsa? Sai ta tsage, yawanci daga bakin ramin noti. Taga ta fashe wa matuƙi a sama ba abin wasa ba ne.

Saboda haka akan huda kowane rami ya fi kaurin notinsa da kamar milimita 3. Bakin injin huji na ƙarfe bai dace ba, gama yakan cafki robar ya fasa ta. Akan dakushe kaifinsa, a sa katako a baya, a huda sannu sannu. Akan shimfiɗa roba mai taushi tsakanin taga da ƙarfe. Wurin ɗauri kuma, in noti ya zauna daidai, sai a sassauta shi da juyi ɗaya. A ganinmu nan ne aikin ya fi wuya, domin hannun da ya saba da injin mota ƙara matsewa yake so.

In ƙaramar tsaga ta bayyana, akan huda ɗan rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba kafin a sāke tagar. Wanki kuwa da ruwa da sabulu marar ƙarfi ake yi. Fetur yana ɓata ta, busasshen tsumma kuma yakan goga ƙura a kanta har ta dushe.