Kyamarar tsaro a gonar kaji da kifi: abin da mai shago ba zai tsaya yi maka bayani ba

Tambayar da ta fi yawa a akwatin saƙonmu kwanan nan ita ce ta kyamara: wacce zan saya, nawa za ta ci, kuma me ya sa tawa take mutuwa da dare? Na zagaya gonaki a Jega, Aliero da Maiyama, na ga kyamarorin da ke aiki, na kuma ga waɗanda suka zama ado a jikin bango, mai gona yana can gida ya saki jiki. Wannan na biyun ya fi rashin kyamarar haɗari.

Mu fara da abin da kake son gani. Yawancinmu ɓarawon dare muke tunani, mai tsallako katanga. Yana nan, amma asarar da na fi cin karo da ita a gona ƙarama ce, kullum take fita. Kaza mai ƙwai tana cin kusan giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 500 ke nan suna cinye buhu biyu da ɗan wani abu na mai kilo 25, kuma in suna kan ganiyarsu za su ba ka kiret 13 ko fiye. To a irin wannan lissafi, wa zai lura in kiret ɗaya ko kwano uku na abinci sun bi ta ƙofar baya? A wata ɗaya kuwa kiret 30 ne. Don haka kyamarar farko ba cikin ɗakin kaji take zama ba. Ƙofar sito ce wurinta, inda abinci ke fita ƙwai ke shiga. Ta biyu a ƙofar shiga gona. In kuɗi ya rage, sannan a leƙa cikin ɗaki.

Masu kifi, ku taku ta kalli bututun zubar da ruwa. Mai kiwon tarwada a tamfol ko a kwamin siminti ya san abin da nake nufi: bututu ya goce da tsakar dare, ko wani ya zare shi da gangan, kafin asuba ruwa ya tsiyaye. Ga guza, ga zalɓe da ke sauka da sassafe kan ƙananan kifi. Kada ka saita ta tana kallon tsakiyar ruwa daga gabas ko yamma, ƙyallin rana zai wanke hoton. Ka sa ta daga gefe, ta ɗauko bakin kwami da hanyar da mutum zai bi ya iso.

Tsayi kuma kada ya wuce mita uku. Na ga wadda aka ɗora can ƙololuwar tankin ruwa, wai don ta ga ko'ina. Ta ga ko'ina ɗin, amma hula kawai take nunawa. Hoton da ba a gane fuska a cikinsa ba zai taimake ka gaban mai unguwa ko 'yan sanda ba.

Yanzu ga babbar magana, wato wuta. Gonakinmu galibi a bayan gari suke, inda ko waya ba a ja ba. Shi ya sa kowa ke rububin 'yar kyamarar nan mai sola da ake sa wa layin waya. Tana da sauƙi, kuma ina ba da shawararta ga mai farawa, amma a san halinta. Yawancinsu ba sa ɗauka dare da rana. Barci suke yi don tanadin batir, sai sun ji motsin abu mai ɗumi su farka. Na'urar da ke tada su tana aiki ne da bambancin zafin jikin mutum da na wurin da yake. To ku tuna yanayinmu a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bango da ƙasa sun ɗau zafi har bayan magariba. A irin wannan lokaci mutum zai iya wucewa ta gabanta ba ta farka ba, ko ta farka bayan ya ba da baya. Dabarar ita ce a kafa ta yadda mai shigowa zai gitta ta gabanta, ba ya nufo ta kai tsaye ba, a kuma ƙara mata ƙarfin jin motsi a cikin manhajar. Sannan a tuna, zubar ruwa daga kwami ba zai tada irin wannan kyamara ba. Wurin kifi yana son mai ɗauka ba tsayawa.

Mai son kyamara huɗu da akwatin ajiya, wato DVR, ya zauna ya yi lissafi kafin ya biya. Gaba ɗayansu za su ja kusan wat 40 da dare, lokacin da fitilunsu ke kunne. Awa 13 na duhu ya kai wat-awa 520. Batir mai 100Ah, irin na ruwa, rabinsa kawai ya kamata a sha in ana son ya daɗe, kusan wat-awa 600 ke nan. Kun ga da ƙyar ya kai safiya, kuma hakan in yana sabo ne. Da an jona fanka ko cajin wayar yara a kansa, ƙarfe uku na dare komai ya mutu, daidai lokacin da ake buƙatarsa. Duk wanda ya ce min tasa tana ɗaukewa kafin asuba, batir nake fara tambaya, ba kyamara ba.

Farantin sola ya fuskanci kudu da ɗan karkata kaɗan, kuma da hunturu a goge shi aƙalla sau biyu a mako. Ƙurar da ke sauka daga Disamba zuwa Fabrairu ta isa ta hana batir cika. Ita kuma kyamarar a yi mata 'yar rumfa da guntun kwano, don batirin da ke cikinta ba ya shiri da ranar Kabi.

Sai ƙorafin "da rana tangaram, da dare fari fat". Wannan kusan kullum hasken kyamarar ne ke dawo mata. Tana da ƙananan fitilu da idonmu ba ya ganin haskensu, sai ɗan ja-ja. In ka kafa ta a bayan ragar ɗakin kaji, hasken zai bugi waya ya dawo, raga kawai za ka gani. Haka in akwai bango ko bakin kwano dab da ita. Gizo-gizo ma yana son wurin saboda ƙwari, zare ɗaya ya isa ya ɓata hoton dare ya kuma cika maka waya da ƙararrawar banza. A cikin ɗakin kaji ga ƙurar dusar katako, ga warin kashi da ke cin bakin wayoyi har su yi tsatsa. Tsumma mai laushi duk Juma'a, a naɗe mahaɗar waya da salatif, shi ke nan. Abu ɗaya da zan roƙa: a kashe farar fitilar nan mai haskawa in ta ji motsi, matuƙar cikin ɗakin kaji take. Kaji na firgita su danne juna a lungu, kuma masu ƙwai suna son duhunsu na dare ba tare da katsewa ba.

Batun sabis, kada ka yarda da abin da wayarka ta nuna a cikin gari. Na tsaya a wata gona a gefen Maiyama inda layi ɗaya ke cike a bakin titi, amma a bayan ɗakin kaji, ƙarƙashin rufin kwano, babu ko sanda ɗaya. Je ka da layuka biyu ko uku, ka tsaya daidai inda za a kafa ta, ka buɗe bidiyo ka gani. Wanda ya yi, shi za ka sa, a tabbata an haɗa shi da NIN kuma an cire masa lambar kulle. In mai wifi ce, yawancinsu 2.4GHz kawai suke kamawa, shi ya sa wasu ke kwana suna fama ta ƙi haɗuwa. Data kuwa kallon kai tsaye ne ke cinye ta: awa ɗaya na iya lashe kusan rabin gig. Leƙa ka fita, kada ka mai da ita talabijin.

Memori ma akwai na bogi da yawa a kasuwa. An rubuta 128GB, cikinsa bai kai haka ba, sai ranar da abu ya faru ka je dubawa ka tarar babu komai. Ko mai kyau ne, kyamara mai ɗauka ba tsayawa tana iya cin kusan 20GB a rana, wato 64GB kwana uku ne ta fara goge na baya. Saboda haka in ka ga lissafin ƙwai bai yi daidai ba ranar Litinin, duba a ranar, kada ka bari sai ƙarshen mako. Kuma a gyara kwanan wata da agogon kyamarar, don hoton da ke nuna shekarar da ba ita ba gardama kawai zai jawo.

Akwai abin da ba na fasaha ba ne amma ya fi su nauyi. A Aliero da Jega da yawa cikin gida suke kiwo, katanga ɗaya da maƙwabci. Kyamarar da ke juyawa tana iya leƙa tsakar gidan mutane, inda iyalinsu suke. Wannan ba daidai ba ne, kuma zai iya kai ka gaban hakimi. Karkatar da ita ƙasa, ka kira maƙwabcin ya ga abin da take ɗauka da idonsa. Yaran gona ma a faɗa musu akwai kyamara. Ni a ganina ta fi amfani a matsayin mai hanawa fiye da mai kamawa, kuma yaron kirki ita ce shaidarsa ranar da kaji suka mutu ba laifinsa ba. Lambar sirrin da ta zo da ita a canza ta a ranar farko, kuma in mai haɗawa ne ya buɗe asusun da wayarsa, ya mayar da shi kan lambarka kafin ka sallame shi.

Akwatin DVR kada ya zauna a ɗakin mai gadi a fili, don wanda ya san gonar shi zai fara ɗauka. Mai sola kuma memorinta a jikinta yake, in an cire ta an tafi da shaidar. A kunna aika hoto zuwa waya, ko a kafa biyu yadda kowace ke ganin 'yar uwarta.

Kafin ka biya mai haɗawa cikon kuɗinsa, ka bari dare ya yi. Ka sa wani ya shigo ta ƙofa, ya wuce sito, ya je bakin kwami, kai kuma kana gida da wayarka. Washegari ka nemo hoton a memori, ka ga ko za ka gane fuskarsa.