Shirin IJMB da Binciken Ɗalibin Kimiyya a Dam ɗin Challawa

Ɗalibin Ƙaraye ko Rogo da ya kammala sakandare bai sami gurbi a jami'a ba yakan bi ta shirin IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya take kula da jarrabawarsa. A cikin kimanin shekara guda ake ɗura masa darussa uku, kamar Kimiyyar Halittu da Kemistiri da Fiziks, karatun da a da ake shafe shekara biyu ana yi. Idan ya ci, sai ya shiga aji biyu kai tsaye. Shekarun karatun dai huɗu ne. Zaman jiran gurbi kawai ya tsallake. Sai dai gaggawar takan tauye aikin ɗakin gwaji, domin hadda ta fi saurin shiga kai.

Giɓin yakan fito fili a shekarar ƙarshe, lokacin kundin bincike. Mai nazarin kifi zai iya komawa gida, Dam ɗin Challawa da aka kammala a Ƙaraye a 1992. A can da Hausa zai tattauna da masunta, amma da Ingilishi zai rubuta. Kifin da masunci ya kira karfasa, kimiyya ta kasa shi jinsi-jinsi, kowanne da sunansa na Latin. Idan ɗalibi bai saba duba ƙaya da ɓawon kifi da hannunsa ba, sai ya cusa jinsi biyu a suna ɗaya, alƙalumansa su gurɓace, mai duba kundin kuwa ba lalle ya gano ba.